Wasan da Mai Shi Ya Ɓace: Tsintuwa Ce ko Sata?

Daga cikin mas'alolin da zamani ya haifa, waɗanda malaman da suka gabata ba su riske su ba balle su ƙulla musu babi a littattafansu, akwai wata wadda mai jin ta da farko zai ɗauka ba ta cancanci tawada ba, sabili da a kan wasa take, alhali kuwa idan ya zauna ya yi mata duban tsanaki zai tarar ta taɓo dukiya, ta taɓo amana, ta kuma taɓo haƙƙin da 'yan baya suke da shi a wuyan mutanen yau. Mas'alar ita ce ta wasannin kwamfuta da na bidiyo waɗanda aka yi ta ƙirƙirowa a Amurka da Japan da Turai tun daga shekarun 1970, sa'an nan kamfanonin da suka wallafa su suka karye ko aka haɗiye su, aka daina sayar da wasannin, har ya zama mai son su ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa da kuɗinsa a hannu. Shin wanda ya sami irin wannan wasa ya kwafe shi, ya adana, ya kuma bai wa wasu ba da iznin kowa ba, ɓarawo ne ko amini?

Malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa, saboda haka bari mu fara da surar. Littafi, idan an rubuta shi da tawada mai kyau, aka kare shi daga gara da ruwa da wuta, yana iya shafe ƙarnuka a cikin gafaka, kuma ranar da aka buɗe shi babu abin da zai nema sai ido da sanin karatu. Wasan kwamfuta kuwa rayuwarsa a rataye take da na'urar da aka yi shi dominta, na'urar kuma a rataye da kayan gyaran da aka daɗe da daina ƙerawa, shi kansa faifan da aka zuba shi a kai yana ruɓewa sannu a hankali ko da babu mai taɓa shi, domin maganaɗisun tsofaffin faifai yana dushewa, kuma funfuna tana cin fuskarsu. A shekarar 1993 kamfanin Capcom na Japan ya fito da wani allon na'ura na gidajen wasa mai suna CPS-2, ya kulle abin da ke cikinsa da mabuɗin sirri don gudun masu satar fasaha, ya ajiye mabuɗin a wata 'yar ƙwaƙwalwa wadda batir ne kaɗai ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya ƙare sai mabuɗin ya goge, allon ya mutu, ko da babu ko ƙwarzane a jikinsa. Wasu wasannin kuma, da zarar an kunna su, sai su tsayar da mai wasa su tambaye shi kalma ta kaza a layi na kaza a shafi na kaza na ɗan littafin da ke cikin kwalin, wanda ya rasa littafin ya rasa wasan. Ke nan mai nufin ceto irin waɗannan ba makawa sai ya aikata abu biyu, ya kwafa kuma ya karya kulle, dukansu biyu kuwa dokar Amurka ta tsananta a kansu, musamman dokar 1998 wadda ta mai da karya kullen kansa laifi ko da ba a sayar da kome ba.

Girman abin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. A shekarar 2023 wata gidauniya ta Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike wanda ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa, alhali haƙƙin mallakar abin da kamfani ya wallafa a can yana ɗaukar shekara 95 kafin ya faɗi. Babu faifan da zai jira wannan wa'adi. Amurkawa kuwa sun taɓa ganin irin wannan hasara, domin binciken da Laburaren Majalisarsu ya wallafa a 2013 ya tabbatar da cewa kusan kashi 70 cikin 100 na manyan finafinansu na zamanin da sinima ba ta magana sun salwanta ɗungurungum, tun da masu su sun ɗauke su hajar mako guda ce, wadda ba ta da amfani bayan an gama cin kasuwarta.

Akwai wata amsa mai sauƙi wadda matasa da yawa suke kwantar da hankalinsu da ita, cewa tun da kamfani ya mutu, dukiyarsa ta zama ta kowa. Wannan magana ba ta tsayuwa a shari'a, ba ta kuma tsayuwa a doka. Gaskiya ne wasu malaman zamani sun ƙi yarda a kira haƙƙin wallafa dukiya, suna ganin wanda ya sayi abu ya mallaki dukan tasarrufi a cikinsa, har da kwafewa; amma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, shari'a tana kare su, kuma ta'adi a kansu bai halatta ba. Ni wannan ra'ayi nake bi, domin wanda ya ɓatar da shekarunsa da dukiyarsa wajen samar da abu, ba adalci ba ne a ce wani ya zo ya girbe a banza. Idan kuwa dukiya ce, to, hukuncin dukiya ne zai hau kanta, watau mutuwar mai ita ba ta shafe ta, sai dai ta koma hannun magada ko masu bin bashi, kamar yadda alƙali yake raba kayan wanda bashi ya cinye tsakanin masu binsa.

Labarin wasan System Shock ya isa hujja a nan. Kamfanin Looking Glass Studios na jihar Masacusets ya fitar da na farko a 1994, ya haɗu da Irrational Games suka fitar da na biyu a 1999, sa'an nan ya rufe a shekarar 2000, haƙƙin wasan ya gangara ya faɗa hannun wani kamfanin inshora, Star Insurance, wanda babu abin da ya haɗa sana'arsa da wasanni. Shekara fiye da goma wasan yana yawo a intanet a hannun masoyansa, kowa yana cewa ba shi da mai shi, har wani mutum mai suna Stephen Kick ya ɗauki wahalar bin sawu, ya gano masu inshorar, ya nemi izni suka ba shi, ya kafa Night Dive Studios, aka sake fitar da System Shock 2 a kasuwar GOG a farkon 2013. Ashe mai shi yana nan, ba a dai yi cigiya ba ne. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a tsallake ba: abin da ya sa wasan ya iya tashi a kan kwamfutocin zamani shi ne wani gyara da wani mutum, wanda bai bayyana sunansa ba, ya saki kyauta a 2012 ba da iznin kowa ba, kuma da wannan gyara aka sayar da shi. Halattaccen ciniki ya tsaya ne a kan aikin da doka ba ta san da shi ba.

To, amma ba kullum cigiya take ƙarewa da farin ciki ba. Wasan No One Lives Forever, wanda Monolith Productions suka ƙera, Fox Interactive suka wallafa a shekarar 2000, ya faɗa cikin wani ruɗani da har yau bai warware ba, sabili da Vivendi ta sayi Fox Interactive a 2003, Warner Bros. ta sayi Monolith a 2004, sa'an nan sashen wasanni na Vivendi ya haɗe da Activision a 2008. Da mutanen Night Dive suka je neman izni a 2014, sai Activision da Fox suka nuna ba su da tabbacin ko suna da haƙƙi a ciki, tun da yarjejeniyoyin na takarda ne, suna cikin wasu akwatuna da ba a san inda aka jibge su ba, Warner Bros. kuma ta ce ba ta da niyyar fitar da wasan, ba ta kuma da niyyar haɗa kai da mai fitarwa. Daga baya Disney ta sayi Fox a 2019, Microsoft ta sayi Activision a 2023, Monolith kuwa aka rufe shi a Fabrairun 2025. Ga dukiya wadda babu wanda ya yarda ya ce tasa ce, babu kuma wanda ya yarda ya ce ba tasa ba ce, kowa yana riƙe da ikon kai ƙara, babu mai ɗaukar nauyin kiyayewa.

A ganina babin da ya fi dacewa da wannan hali a fiƙihu shi ne babin luƙaɗa, watau tsintuwa, domin shi ne babin da aka gina a kan dukiya mai alfarma wadda ta rabu da mai ita, ba a san inda yake ba, kuma ake jin tsoron salwantarta. Asalinsa hadisin Zaidu ɗan Halid al-Juhani ne, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai tsintuwa ya kiyaye alamominta, ya yi cigiyarta shekara guda. A cikin hadisin aka bambanta tsakanin ɓatacciyar tunkiya da ɓataccen raƙumi: ita an yarda a ɗauke ta domin in an bar ta kyarkeci ne zai ci, shi kuwa an hana taɓa shi domin yana iya kai kansa ga ruwa da kiwo har mai shi ya same shi. Illar hukuncin a bayyane take, ita ce tsoron halaka, kuma da ita za mu iya raba wasannin nan gida biyu. Wasan da mai shi yake raye, yana sayar da shi ko yana sake fitar da shi lokaci bayan lokaci, kamar manyan wasannin Nintendo, raƙumi ne, babu uzurin mai ɗaukarsa. Waɗanda suka cika shafukansu na intanet da irin waɗannan suna karɓar kuɗin talla, har Nintendo ta kai wasunsu ƙara a 2018, ba su da rabo a cikin wannan ƙiyasi. Wasan da kamfaninsa ya shuɗe, wanda bai rage ba sai a wasu 'yan faifai masu ruɓewa, shi ne tunkiya a dokar daji.

Malaman Malikiyya sun ƙara wani bayani mai amfani, wanda ɗaliban Muhtasar suka sani, cewa ɗaukar tsintuwa yana zama wajibi ga wanda ya san kansa da amana kuma yake tsoron kada ta faɗa hannun maha'inci, yana kuma zama haram ga wanda ya san kansa da ha'inci. Hukuncin ya rataya ne a kan halin mai ɗauka da nufinsa, aikin hannu kuwa iri ɗaya ne. Daɗa kuma akwai abin da Muwaɗɗa ta ruwaito, cewa a zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawo suna hayayyafa babu mai taɓa su, amma da zamanin Sayyidina Usmanu ya zo sai ya yi umurni a yi cigiyarsu, sa'an nan a sayar, in mai su ya bayyana a ba shi kuɗin. Halifa na uku bai saɓa wa hadisi ba, ya dai ga cewa abin da hadisin yake karewa, watau dukiyar mai raƙumi, ba zai karu ba a sabon hali sai da sabuwar hanya, kuma hukuma ce ta ɗauki wannan nauyi, ba ta bar shi ga kowane mai wucewa ba.

Mai ilimi zai ce wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma ya yi gaskiya. Tunkiya ɗaya ce, in tana hannun mai tsintuwa ba ta hannun mai ita. Kwafi kuwa ba ya rage kome daga hannun kowa, amma yana yaɗuwa yaɗuwar da ba a iya janyewa. Bambancin yana sassautawa ta wata fuska, yana tsanantawa ta wata. Yana sassautawa wajen adanawa, domin wanda ya karanto abin da ke cikin tsohon allo ya zuba a ma'ajiya bai cutar da kowa da ƙwayar zarra ba, har ina ganin wannan aiki farilla ce ta kifaya a kan laburare da gidajen tarihi, kuma mutanen da suka fara shirin MAME a 1997 domin kwaikwayon tsofaffin na'urorin gidajen wasa sun sauke wani nauyi da hukumomi suka yi sakaci da shi. Yana tsanantawa wajen rabawa, domin abin da mai haƙƙi ya mallaka a haƙiƙa shi ne kasuwar wasan, kuma kasuwar da ta mutu yau tana iya farfaɗowa gobe, kamar yadda ta faru ga System Shock. Saboda haka sharuɗan mai tsintuwa suna nan a kan mai adanawa ba ragi: ya yi cigiya ta gaskiya, ya rubuta wa duk wanda ake zaton yana da haƙƙi, kada ya ci ko sisi da abin, domin amini ba ya kasuwanci da ajiya, kuma ranar da mai shi ya bayyana ya mai da wasan kasuwa, ya janye nasa ya nuna wa mutane ƙofar halal.

Akwai sharaɗi guda da nake so in daɗe a kansa, domin an fi mantawa da shi, shi ne kiyaye sunayen waɗanda suka yi aikin. Haƙƙin kuɗi yana hannun kamfani, yana kuma tafiya daga hannu zuwa hannu har ya isa ga mai inshora, amma nasabar aiki ga mai shi ba ta sayuwa, ba ta gaduwa. Kowane wasa yana da jerin sunaye a ƙarshensa, na masu zane da masu kiɗa da masu rubuta manhaja, mutanen da galibinsu ba su mallaki kome a cikinsa ba tun ranar da aka biya su albashi, kuma idan wasan ya salwanta shekarun ƙuruciyarsu ne suka salwanta. Masu karya kulle na shekarun 1980 sun saba liƙa laƙabinsu da kirarinsu a allon farko na wasan da suka fasa, wani lokaci su yanke wani sashe don ya shiga faifai ɗaya, kuma abin baƙin ciki shi ne wasanni da dama ba su tsira ba sai a wannan gurɓatacciyar sura. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sun fi su ladabi nesa ba kusa ba, domin sukan kawo sunan mawallafi a farko da addu'a, su ajiye nasu sunan a can ƙarshe tare da neman gafarar kuskuren alƙalami. Mai adana wasa ya kamata ya ajiye shi yadda ya fito, da kwalinsa da ɗan littafinsa, ya rubuta inda ya samo shi da abin da ya taɓa a ciki.

Saura mai cewa duk wannan wahala a kan lagawu ce, abin da ba ya amfanar duniya balle lahira. Ba na musun cewa a cikin wasannin nan akwai na caca da na batsa, waɗanda hukuncinsu sananne ne, akwai kuma masu cinye lokacin salla da na karatu. Amma adana abu daban, shagala da shi daban. Malamai sun yi saɓani mai tsawo a kan shaɗaranji, Imamu Malik ya ƙi shi, duk da haka Ibnun Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza a ƙarni na 10, bai ƙi lissafa littattafan da aka wallafa a kansa a cikin Fihrisarsa ba, har da na al-Adli da na as-Suli, kuma abin da muka sani yau na littafin al-Adli ta hanyar masu kwafa na baya ya iso mana, waɗanda suka tsinto gutsattsarinsa suka zuba a nasu. Wanda zai rubuta tarihin mutanen ƙarshen ƙarni na 20 bai ga abin da ɗaruruwan miliyoyinsu suka ba hankalinsu ba, ko da nufinsa ya soki abin ne, zai yi hukunci a kan abin da bai gani ba.

Shi kuma mai haƙƙin da ba ya sayarwa, ba ya kiyayewa, ba ya kuma barin wani ya kiyaye, ina ganin yana da haƙƙi amma yana zalunci da shi, domin shari'ar da ta kare dukiya ita ce ta hana tozarta ta. An ba mawallafi wannan kariya tun dokar Ingila ta 1710, wadda wa'adinta shekara 14 ne ana iya sabuntawa sau ɗaya, domin ya ci gajiyar aikinsa jama'a kuma su gaje shi daga baya. Idan wa'adin ya zarce rayuwar abin da ake karewa, an cika rabin alkawari an ci rabi. A Oktoban 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da roƙon da aka yi na a bar laburare su nuna wa masu bincike tsofaffin wasannin da ba sa kasuwa ta intanet, bayan ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta yi adawa, aka bar dokar a kan cewa sai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa ginin. Daga cikin abin da aka ji tsoro har da kada mutane su yi amfani da damar don nishaɗi, alhali laburare suna ba da aron littafin hikaya ba tare da tsoron kada mai karatu ya ji daɗinsa ba. Ɗalibin da ke Kano ko Yamai, wanda ba shi da biza ba shi da kuɗin jirgi, an rufe masa ƙofar halal, ta ɓarayi kuwa tana nan a buɗe dare da rana.

Maganin yana hannun hukuma, kamar yadda ya kasance a zamanin Sayyidina Usmanu, kuma wasu ƙasashe sun kama hanya. A Kanada akwai hukumar da take ba da lasisi idan an nemi mai haƙƙi an rasa, Ingila ma ta kafa irin wannan tsari a 2014, inda mai nema yake tabbatar da ya yi bincike na haƙiƙa, ya biya kuɗi a ajiye wa mai shi ko zai bayyana. Faransa kuwa tun 1992 ta shigar da wasannin bidiyo cikin abin da doka ta wajabta a kai wa Laburaren Ƙasa kwafinsa. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci yanzu, domin wasannin yau da yawa rabinsu ne kawai yake hannun mai saye, sauran rabin yana kan kwamfutocin kamfani. Da Ubisoft ta kashe na wasan The Crew a ƙarshen Maris na 2024, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya daina aiki a ranar, babu abin da mai tsintuwa zai tsinta. Abin da ya kamata doka ta wajabta shi ne kamfani ya kai wa laburare rabin nan da yake ɓoyewa tun ranar fitowar wasan, a rufe shi da hatimi muddin kamfanin yana gudanar da shi, a buɗe wa masu bincike ranar da ya kashe shi ko ya karye.